Darasi: Kalmar *Explore*, Ma'anarta da Yadda Ake Aiki da Ita

Manufar darasi

Wanda ya bi wannan darasi har ƙarshe zai iya furta kalmar *explore* daidai. Zai gane abin da take nufi in ya gamu da ita a jarida ko a waya ko a takardar ofis, zai gina jimla da ita, zai kuma raba ta da wasu kalmomi da suke kama da ita a kunne ko a ma'ana.

Mutum biyu a Kasuwar Kurmi

Mu ɗauka wasu mutum biyu sun shiga Kasuwar Kurmi ta Kano da hantsi. Na farko dattijo ne, ya zo sayen linzami. Ya san rumfar da zai je, ya san mai rumfar, ya ma san farashin da ba zai wuce ba. Ya kutsa ta cikin lungunan nan masu matsi bai waiwaya ko'ina ba, ya isa, aka gaisa, aka yi ciniki, ya naɗe kayansa ya kama hanyar gida.

Na biyu saurayi ne da ya zo daga Maraɗi wurin kawunsa, bai taɓa sa ƙafa a kasuwar ba. Ba sayayya ta kawo shi ba. Ya bi wani layi ya tarar da dukawa suna ɗinka jakunkuna da kube, ya tsaya yana kallon yadda basilla ke ratsa fata. Ya juya ya faɗa wurin masu kayan yaji, ƙamshin kanumfari da citta da masoro ya cika masa hanci. Ya ɗauki wata ƙwarya ya jujjuya ta yana bin zanenta da yatsa. Ya ga wani siririn lungu, ya ce wa tsohon da ke zaune a bakinsa, "Baba, don Allah ina wannan hanya ta ɓulle?" Tsohon ya ce, "Bi ta dai, ɗana, ka gani." Ya bi. Sau biyu yana ɓata hanya. Bai fito ba sai da aka kira azahar, hannunsa babu komai, amma in ka tambaye shi ina masu sirdi suke, ina masu tasoshi, zai nuna maka.

Da Turanci, abin da saurayin nan ya yi shi ne *explore*. Sai a ce:

*The young man explored Kurmi Market.*
Saurayin ya zazzaga Kasuwar Kurmi, ya gane wa idonsa abin da ke cikinta.

Ba za a faɗi haka a kan dattijon ba, ko da yake kasuwa ɗaya suka shiga. Abubuwa uku ne suka raba su, kuma su ne ginshiƙan wannan kalma. Na ɗaya, wurin baƙo ne ga mai shigarsa. Na biyu, da niyya yake dubawa, yana son ya sani. Na uku, bai san abin da zai tarar ba tukuna. Ku riƙe waɗannan ukun, domin duk sauran ma'anonin da za mu gani a kansu aka ɗora su.

Da wace kalma Hausa take faɗin wannan?

Ɗalibai sukan so a ba su kalmar Hausa guda ɗaya su haddace su huta. In kun buɗe ƙamus, mai yiwuwa ku ga "bincika". Fassarar ba ta yi kuskure ba, sai dai ba ta rufe komai ba. Ɗan sanda yana bincike, mai duba littafin kuɗi yana bincike, tela da allurarsa ta faɗi cikin tsumma shi ma yana bincike, alhali Turanci yana da kalma daban ga kowannensu.

Hausa tana da wata dabara tata da ta fi kusa da ruhin kalmar, wato ninka gaɓar farko ta aikatau. Muna cewa zaga, mu ce zazzaga. Duba, dudduba. Leƙa, lelleƙa. Taɓa, tattaɓa. Tambaya, tattambaya. Wanda ya leƙa ɗaki, sau ɗaya ya sa kai ya janye. Wanda ya lelleƙa gida kuwa, ya bi ɗaki ɗaki, ya duba bayan ƙofa, ya ɗaga labule. Wannan maimaici da natsuwa su ne ke cikin *explore*. Haka nan in muka ce mutum ya shiga lungu da saƙo na gari, mun faɗi ma'anar sarai.

Saboda haka kada ku ɗaure kalmar da fassara ɗaya. Ku dubi abin da ya biyo bayanta. In wuri ne, ku ce zazzaga. In shawara ce, ku ce dudduba ko yi nazari. In arzikin ƙasa ne, ku ce nema ko lalube.

Asalinta da furucinta

Kalmar ta samo asali daga Latin, harshen Rumawa, inda ake cewa *explorare*. Ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16. A rundunar Rumawa akwai sojojin da ake kira *exploratores*, su ne ake turawa gaba su dubo hanya da ruwa da inda abokan gaba suka yi sansani, su dawo da labari. Aikinsu ya yi kama da na wanda madugu kan tura gaban ayari ya dubo ko rafi ya ketaru, ko zango lafiya. Har yau wannan ma'ana ta shiga gaba a dubo tana nan a jikin kalmar.

Furucinta yana ba Bahaushe wuya, kuma akwai dalili. Harshenmu ba ya tara baƙaƙe da yawa a jere ba tare da wasali ya raba su ba. Shi ya sa muka mai da kalmomin aro suka zama burodi da sukudireba. A cikin *explore* kuwa akwai sautin baƙaƙe huɗu a manne: k, s, p, l, domin harafin x shi kaɗai yana ɗauke da k da s. In ba a kula ba sai baki ya cusa wasula, ta fito "ikisifulo".

Hanyar gyara ita ce a faro daga ƙarshe. Ku ce "lo". Sannan "plo". Sannan "splo". Sannan "iksplo". Gaɓa biyu ce kawai, kuma nauyin murya yana kan ta biyu. Wajen sautin p, ku haɗe leɓɓanku gam sannan ku sake su da iska. Ku riƙe 'yar takarda a gaban baki: in ta motsa fat ɗaya, p kuka faɗa, in iska ta yi ta zuba, kun koma f. Mutanen Ingila galibi ba sa furta r ɗin ƙarshe, mutanen Amurka suna furta shi, kuma duka biyun daidai ne.

Siffofinta

*Explore* aikatau ne mai bin ƙa'ida, ba ya cikin waɗanda sai an haddace sauyinsu.

- *I explore, we explore, they explore*: aikin da aka saba yi.
- *He explores, she explores*: ana ƙara s in mai aikin mutum ɗaya ne da ake magana a kansa.
- *We explored*: aikin da ya wuce. Harafin d kawai ake ƙarawa, tun da kalmar ta riga ta ƙare da e.
- *They are exploring*: aikin da ake cikin yi. A nan ana jefar da e kafin a liƙa ing.
- *She will explore*: aikin da za a yi.

Akwai kuma 'yan uwanta na jini. *Explorer* shi ne mai yin aikin. *Exploration* shi ne sunan aikin, kuma a nan nauyin murya yana komawa gaɓa ta uku, "eksplo-RE-shan". *Exploratory* sifa ce ta abin da aka yi don a fara dubawa. *Unexplored* shi ne abin da ba a riga an shiga an duba ba.

Ma'ana ta farko: zazzaga wuri

Wannan ita ce ma'anar da muka gani a Kurmi.

*We explored the old city on foot.*
Mun zazzaga cikin birni da ƙafa.

*The children are exploring the new house.*
Yara suna ta lelleƙa ko'ina a sabon gidan.

Ku lura, sunan wurin yana biyo bayan aikatau kai tsaye. Ba a sa *in* ko *about* ko *at* a tsakaninsu. Wannan kuskure ya yi yawa a rubutun ɗalibai, domin a Hausa mukan ce "a cikin gari", sai hannu ya so ya fassara "a cikin". Ana kuma iya barin aikatau shi kaɗai in kowa ya san wurin da ake nufi: *Let us go and explore*, wato mu je mu zazzaga.

Wurin yana iya zama ƙarami kamar ɗaki, yana iya zama babba kamar teku ko sararin samaniya. Tauraron ɗan'adam na farko da Amurka ta harba, a farkon 1958, sunansa Explorer 1. Binciken sararin samaniya, wanda ya kai mutum duniyar wata a 1969, shi ake kira *space exploration*.

Ma'ana ta biyu: dudduba shawara

Wannan ma'ana ce za ku fi cin karo da ita a jarida da rediyo da takardun aiki. A nan tunani ne yake zagayen, kuma abin da ake zazzagawa shi ne dabaru da hanyoyin warware matsala.

*The committee will explore ways to repair the borehole.*
Kwamitin zai dudduba hanyoyin da za a bi a gyara rijiyar burtsatse.

*This chapter explores the causes of malaria.*
Wannan babi yana nazarin abubuwan da ke kawo zazzaɓin cizon sauro.

Kalmomin da suka fi raka ta a nan su ne *ways, options, ideas* da *possibility*. Bayan *the possibility of* sai aikatau mai ing. Ana kuma iya bin ta da *how* ko *why* ko *whether*. Abin da ba a yi shi ne a bi ta da *to* da wani aikatau. Ba a cewa *explore to open a shop*. Sai dai a ce *explore the possibility of opening a shop*, wato a duba yiwuwar buɗe shago.

Akwai abin da nake so ku riƙe da kyau a nan. Wani ɗalibina na ajin dare, magidanci mai aikin gadi, ya taɓa zuwa da wata takarda da aka raba musu a wurin aiki, a linke cikin aljihun gabansa. Ya shimfiɗa ta a kan tebur yana murmushi, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ya ce, "Malam, duba nan, an yi mana ƙarin albashi." Layin yana cewa: *Management is exploring the possibility of increasing salaries.* Ya gane kalmar ƙari, ya gane kalmar albashi, sai ya haɗa. Har ya riga ya gaya wa maiɗakinsa. Na ce masa, "Malam, zauna mu karanta tare." Abin da jimlar ta ce shi ne, shugabanni suna duba yiwuwar ƙara albashi. Ba su yanke shawara ba, ba su sa rana ba, ba su faɗi adadi ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, gara da na sani yanzu, kafin in ci bashi a kai."

Duk inda kuka ga *explore* a sanarwar gwamnati ko ta kamfani ko ta banki, ku tuna ginshiƙi na uku: mai yin aikin bai san abin da zai tarar ba tukuna. Kalmar tana nuna an fara dubawa, ba ta ɗauki alkawarin komai ba. Haka *exploratory talks* yake nufin zaman farko na jin ta bakin juna, kafin a kai ga wata yarjejeniya.

Ma'ana ta uku: neman arzikin ƙarƙashin ƙasa

A nan ne kaɗai aka saba sa *for* bayan kalmar.

*The company is exploring for oil.*
Kamfanin yana neman mai.

Ku kwatanta da *The company is exploring the desert*, wato kamfanin yana zazzaga hamada. Abin da ya zo kai tsaye bayan aikatau shi ne wurin. Abin da ya zo bayan *for* shi ne abin da ake fatan samu.

Tarihin man fetur a Nijeriya zai nuna muku yadda matakan suke. An fara neman mai tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi shekaru ana aune-aune da haƙa. Wannan duka *exploration* ne. A 1956 aka samu mai isasshe na kasuwanci a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu. Wannan shi ne *discovery*, ganowa. A 1958 aka fara fitar da shi zuwa ƙasashen waje, aka shiga matakin cin moriya, wanda Turanci ke kira *exploitation*. Haka aka bi a Agadem da ke yankin Diffa a Nijar, inda nema ya daɗe kafin matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011. Haka kuma a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda aka ba da sanarwar samun mai a 2019. In kuka ji labari ya ce ana *exploring* a wani yanki, ku san cewa ana matakin farko ne.

Ma'ana ta huɗu: tattaɓawa da duba jiki

Hannu ma yana yin wannan aiki. Ku dubi jariri in an miƙa masa ludayi: zai jujjuya shi, ya buga shi a ƙasa, ya kai baki, ya zura yatsa a cikinsa.

*The baby explored the spoon with her fingers.*
Jaririyar ta tattaɓa cokalin da yatsunta.

Likitoci suna aiki da kalmar. In aka ce za a yi wa majinyaci *exploratory surgery*, ana nufin tiyatar da ake yi don a ga abin da ke damunsa a ciki. Wanda aka miƙa wa takarda ya sa hannu a asibiti yana da haƙƙin ya tambayi likita ko tiyatar ta dubawa ce ko ta gyara.

A waya da kwamfuta

Da yawanku kun riga kun ga kalmar ba ku sani ba. A Instagram akwai sashen da ake kira Explore, inda ake nuna muku hotuna da bidiyon mutanen da ba ku bi. A kwamfuta mai Windows akwai File Explorer, wanda ake shiga da shi a dudduba fayilolin da aka ajiye. Kamfanin Microsoft ya fito da manhajar shiga intanet mai suna Internet Explorer a 1995, ya jingine ta a 2022. Duk maɓallin da aka rubuta wa wannan kalma, gayyata ce ku shiga ku lelleƙa.

Bambancin *explore* da *discover*

*Explore* tafiya ce da dubawa. *Discover* kuwa ganowa ne, wato samun abin da ba a san da shi ba. Mutum yana iya yin na farko shekara goma bai kai ga na biyu ba. Tarihin ƙasarmu ya nuna cewa wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Turanci yana kiran wasu matafiya Turawa da suka zo Afirka ta Yamma da sunan *explorers*. Mungo Park, likita ɗan Birtaniya, ya isa gaɓar Kogin Kwara a Segu, cikin Mali ta yanzu, a 1796, kuma a tafiyarsa ta biyu ya halaka a ruwan Bussa. Hugh Clapperton ya shiga Kano a watan Janairun 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Richard Lander da ƙanensa John sun bi Kogin Kwara har inda ya shiga teku a 1830. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a nan da suna Abdulkarim, ya ratso ta Agadas a 1850, ya shiga Katsina da Kano a farkon 1851, ya kai Kukawa da Sakkwato da Tambutu, ya koma Turai a 1855 ya rubuta abin da ya gani cikin manyan littattafai biyar.

An daɗe ana koya wa yara a makaranta cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara, da kalmar *discovered*. Jimlar ba ta zauna daidai ba. Masunta da 'yan kwale-kwale da fatake sun shekara aru-aru suna sha daga kogin, suna su a cikinsa, suna ketare shi da kaya. Abin da za a faɗa a yi gaskiya shi ne:

*Mungo Park explored the River Niger.*
Mungo Park ya bi Kogin Kwara yana bincikensa.

Kogin baƙo ne gare shi da mutanen da suka aiko shi, saboda haka *explored* ta dace da shi. Ga masu kogin kuwa babu wani sabon abu da aka gano. Da ɗan gari akan ci gari, kuma waɗannan matafiya duka da jagorancin 'yan ƙasa da masaukinsu suka yi tafiyarsu.

Aikin kuma ba na Turawa kaɗai ba ne. Ibn Battuta ya bar Tanja ta Maroko a 1325, ya yi kusan shekara talatin yana yawon duniya, har ya zo daular Mali. Fataken Hausa sun ratsa daji sun kai Gwanja neman goro. Sannan akwai Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda ya bi Barth zuwa Turai a 1855. Ya ga Ingila da Jamus, ya lura da cimarsu da suturarsu da al'adunsu, ya ba wani ɗan mishan mai suna Schön labarin da Hausa, aka buga shi a littafin *Magana Hausa* a 1885. Da cikakken haƙƙi ana iya cewa *Dorugu explored London*. Birnin baƙo ne gare shi, da idon mai son sani ya kalle shi, kuma ya bar mana labari.

Kalmomin da ake rikita ta da su

*Search* nema ne na abin da ka san shi, ka san ya ɓace ko an ɓoye shi. Tela mai neman allurarsa wannan yake yi. *Investigate* binciken ƙwaƙƙwafi ne a kan laifi ko hatsari ko ƙorafi, aikin ɗan sanda da kwamitin bincike. *Visit* ziyara ce kawai, kana iya ziyartar gari ka kwana a masauki ka koma ba ka zaga ko'ina ba.

Wasu biyu kuma a kunne suke kama da ita. *Explode* fashewa ne, kamar tayar mota ko tukunyar gas. *Exploit* yana da fuska biyu: in a kan ma'adinai ko wata dama ne, cin moriya ne, in a kan mutum ne, ci da guminsa ne. Harafi biyu ne kawai suka raba *exploit* da kalmarmu, amma dubi tazarar ma'ana. Wanda ya so ya rubuta cewa ƙungiyarsu ta zazzaga ƙauyuka, sai ya rubuta *We exploited the villages*, ya shaida da hannunsa cewa sun ci da gumin mutanen ƙauyukan. Ku riƙa duba ƙarshen kalmar sau biyu kafin ku miƙa takarda.

Taƙaitawa

*Explore* shi ne shiga abin da ba ka sani ba, da niyya, don ka san shi. Abin yana iya zama wuri, ko shawara, ko ƙarƙashin ƙasa, ko jikin majinyaci. Karɓau, wato abin da ake dubawa, yana biyo ta kai tsaye, sai in ana maganar neman ma'adinai ne a sa *for*. Tana nuna an fara dubawa, ba ta nuna an samu ko an yanke hukunci ba.

Aikin aji

A. Ku cike gurbi da siffar *explore* da ta dace.

1. *Last week we ______ the caves near our village.*
2. *My sister is ______ new ways to sell her groundnut oil.*
3. *Ibn Battuta was a famous ______.*
4. *Oil ______ costs a lot of money.*

B. Ku gyara kuskuren da ke cikin kowace jimla.

1. *They explored about the town.*
2. *He is exploreing the farm.*
3. *We are exploring to buy a grinding machine.*

C. Ku zaɓi wadda ta dace tsakanin *explore, discover, search* da *exploit*.

1. *I lost my key, help me ______ for it.*
2. *It is wrong to ______ poor workers.*
3. *The visitors want to ______ Yankari Game Reserve.*

D. Ku fassara zuwa Hausa, kowace jimla da kalmar da ta fi zama mata daidai.

1. *The cooperative is exploring the possibility of getting a loan.*
2. *The goats explored every corner of the compound.*

E. Tattaunawa: ku kasu biyu biyu. Kowa ya bayyana wa abokin zamansa da Hausa dalilin da ya sa *explored* ta fi *discovered* dacewa a maganar Mungo Park da Kogin Kwara.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya zaɓi wuri ɗaya a garinsa da bai taɓa shiga ba, ko da kullum yana wuce ta gabansa: wata unguwa, ko layin maƙera, ko marina, ko ɗakin karatu na gari. Ku je da ƙafarku, ku yi sallama, ku dudduba, ku tattambaya, gani ya kori ji. In kun dawo, ku rubuta jimla biyar da Turanci a kan abin da kuka gani. Ta farko ta fara da *I explored*, ta ƙarshe kuma ta fara da *I discovered*, ku faɗi abu ɗaya da ba ku sani ba kafin ku je.